Motar Kara da Sallar Hunturu

Duk wanda aka haifa a ƙasar Roni tsakanin ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, Sallar farko da zai iya tunawa Sallar sanyi ce. Mun je idi leɓe a fashe, ƙafa ta sha man kaɗanya, sabuwar riga a kan tsohuwar rigar sanyi, hazo ya lulluɓe duwatsun gari. Azumin shekara ta 1417 bayan Hijira ya kama a watan Janairun 1997. Na 1420 ya kama a Disambar 1999, aka yi Sallah a Janairun 2000, kafin shekarar ta fita kuma aka sake yin wata Ƙaramar Sallar a ƙarshen Disamba. A lokacin mun ɗauka haka Allah ya yi azumi, tare da sanyi yake zuwa, kamar yadda mangwaro yake zuwa da zafi.

Sai da muka yi wayo muka gane lissafin. Shekarar Musulunci kwana 354 ce, ko 355, wato ta gaza ta bature da kusan kwana 11. Saboda haka azumi yana matsowa baya kowace shekara, ya ratsa kaka, ya ratsa damina, ya ratsa bazara, sai bayan kimanin shekara 33 ya dawo inda ya baro. Azumin 2025 ya kama a farkon Maris. Bisa lissafi na 2028 zai kama a ƙarshen Janairu, sannan a 2030 za a fara azumi sau biyu, a farkon Janairu da ƙarshen Disamba, kodayake ganin wata shi ne hukunci. Ma'ana, 'ya'yanmu za su yi tashe da Sallah a irin sanyin da muka yi namu. Tambayar da ta sa mu wannan rubutu ita ce, idan lokacin ya dawo, me zai tarar a hannun yaran? Mu dai kara ya tarar a hannunmu.

Ƙasar Kazaure, wadda Ɗantunku ya kafa masarautarta a farkon ƙarni na 19, ɗansa Dambo ya zaunar da ita a garin Kazaure, ƙasar gero da dawa ce. Daga Roni zuwa Gwiwa da 'Yankwashi, har maƙwabtanmu na Babura, da zarar an gama girbi an kai amfani rumbu, abin da ke saura a gona shi ne kara. Manya suna da nasu aikin da shi. Da shi ake danni, da shi ake rufin rumfa, da shi ake girki da jin ɗumi, tokarsa ma ba a zubarwa. Almajiri yana fiƙe alƙalaminsa daga sille. Akwai kuma karan dafi, irin dawar da ake nomawa don launinta, wadda dukawa suke rina jar fata da ita, fatar da ta riƙa ƙetare Sahara har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko. Harshenmu kansa cike yake da kara: abin da ba shi da tsari a kara zube yake, abin da ya tashi da ƙarfi ya mutu da wuri wutar kara ne, wanda aka keta wa haddi an yi masa karan tsaye. Abin da manya suka rage, shi ne rabon yara.

Ga wanda bai taɓa yi ba, ga yadda aikin yake. Za ka zaɓi busasshen karan dawa mai kauri, ka yanke shi gaɓa-gaɓa. Ka sa haƙori ko tsohuwar reza ka ɓare ɓawon sili-sili, sai farar totuwa ta fito, mai laushi, marar nauyi. Shi ke nan kayan aiki sun haɗu, totuwa ce katako, ɓawo ne ƙusa. In an so ƙarin ƙarfi a nemo ƙayar aduwa. Tabarau ne darasin farko, a lanƙwasa ɓawo biyu su yi zobe, a soke su a guntun totuwa, a yi musu hannu. Daga nan sai bindiga, sai rediyo mai eriya, sai keken hawa. Mota ce jarrabawar ƙarshe. Sai ka gina gindinta ya daidaita, ka yanko tayoyi daga sakaina ko tsinkakken silifa, ka huda su a tsakiya daidai, ka haɗa doguwar sanda ta sitiyari da za ka riƙa tuƙawa kana tsaye. In hujin taya ya kauce, motar za ta riƙa ɗingishi, abokai su yi ta dariya. Ɓawon kara kuwa yana da kaifi, a hunturu fata a bushe take, da wuya a gama mota ba a zubar mata da jini ba.

'Yan mata suna gefe da nasu. 'Yar tsanarsu ta kara ce ko ta ƙashi, gashinta zare, zanenta ƙyallen da aka roƙo a wurin tela, wanda a ƙarshen azumi ƙasan kekensa yake cika da guntayen atamfa. Sukan gina tukwane da kwanoni na yumɓu, su shanya, su jera su a lungu kamar yadda suka ga iyaye mata suna jere a ɗaki. In Sallah ta matso, su ne masu taya goge kwanonin jere, da shafe bango da farar ƙasa, da sharar ƙofar gida. Adon gidan Bahaushe na Sallah ke nan, kuma yarinya tana koyonsa ne tun daga ɗakin 'yar tsana.

Wannan wasa ya girme mu, ya girmi kakanninmu. Lokacin da amfani ya shiga rumbu, ciki ya cika, aikin gona ya tsaya, shi ne lokacin bukukuwan ƙauye tun zamanin da. A nan ake kalankuwa, inda samari da 'yan mata suke naɗa nasu sarki da nasu hakimai, a yi kiɗa, a yi dambe da kokawa. Da zamani ya kawo alƙalin kotu da ɗan doka da likita, su ma sai suka shiga cikin muƙaman wasan. A Damagaram, wadda hanyarta daga Kazaure ta bi ta Daura, abin ya bunƙasa har ya sami sunan kansa, wasan kara. Talakawa ne suke kwaikwayon masu mulki, da tafiyarsu da maganarsu, da kayan aiki na kara, masu mulkin kuma su zauna su kalli kansu. Inoussa Ousseini, ɗan fim na Nijar, ya ɗauki wasan a fim a 1980. Kayan busa ma akwai na kara. David Ames da Anthony King, a littafinsu na 1971 kan kalmomin kiɗan Hausa, sun rubuta irin su tilɓoro da damalgo, waɗanda da karan dawa ake yin su.

Yaro ba ya ƙera abin da bai gani ba, don haka kayan wasan kara tarihi ne da ba a rubuta ba. Kafin Turawa su ci Kano a 1903, abin hawan da yaro ya sani doki ne da raƙumi da jaki. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, jirgin sama ya sauka a can a 1925, manyan motoci suka shiga ƙauyuka ɗaukar gyaɗa. Gidan rediyon Kaduna ya fara aiki a 1962, akwatin rediyo ya zama abin ratayawa a kafaɗa. Duk abin da ya shigo, ba ya daɗewa sai an ga ɗan'uwansa na kara a hannun yara. Mu a namu zamanin babur muka fi ƙerawa da motar haya. Da wayar hannu ta zo a 2001, ƙannenmu suka yi ta ta totuwa, har da maɓallan gawayi, suna yawo suna cewa ba sabis.

Inda kara ya fi haɗuwa da azumi shi ne tashe, wanda ake farawa idan azumi ya kwana goma. Tashe ba ya yiwuwa sai da kayan shiga, kuma babu kasuwar da ake sayar da su. Mai fitowa a matsayin tsoho zai manna gemun auduga, ya cusa tsumma a baya ya yi doro, ya dogara sandar kara. Mai kwaikwayon malami zai sa tabaraunsa na ɓawo. Mai magani zai ɗaure saiwoyi da ɓawon itace a buhu. Fitila kuma gwangwanin madara ne ko na tumatir, a huhhuda shi da ƙusa, a dasa guntun kyandir a ciki, haskensa ya riƙa fita ɗigo-ɗigo a bangon zaure. Da rana ake haɗa kayan, a bakin danni inda rana take bugawa, da daddare a fita. Hatsi ko kuɗin da aka samu a tara, wani ya sayi hular Sallah da shi. A tashen hunturu kara yana ko'ina, kyauta. Waɗanda suka yi nasu tashen a damina ba su sami wannan gatan ba.

Ba mu kaɗai muka yi wannan dabara ba. A arewacin Turai, inda Kirsimeti yake faɗowa a tsakiyar sanyi bayan an gama girbi, da karan hatsinsu suke ƙawata gida. Mutanen Finlan suna zura guntayen kara a zare su rataya a rufin ɗaki. Mutanen Suwidin suna ɗaura bunsurun kara, har garin Gävle yake kafa ƙatonsa kowace shekara tun 1966. Manomi ko'ina yake, in ya huta, abin da gona ta bari yake mayarwa ado. Bambancin kawai, su bikinsu a kafe yake a sanyi, kamar na maƙwabtanmu Kirista, waɗanda 'yan mishan na SIM suka buɗe wa makaranta a Roni tun zamanin Turawa. Namu bikin kuwa matafiyi ne, in ya bar hunturu sai yaro ya zama uba kafin ya dawo. A cikin wannan doguwar tafiya ake mantuwa.

Abubuwa da dama sun faru kafin ya dawo. Kayan wasan roba daga Sin sun cika kasuwannin Kano, daga can suka gangaro kasuwannin ƙauye: tabarau masu launi, bindigar ruwa, balan-balan, mota mai batir. Yaron da aka saya wa tabarau ba zai zauna ɓare kara ba. A makaranta ma, mun tarar da darasin aikin hannu, ana kawo tsintsiya ko igiya ko faifai a ba da maki. Kafin mu fita firamare wani malaminmu ya fara cewa wanda bai yi ba ya kawo kuɗi, kuɗin kuma sun fi tsintsiya maki. Shi kansa karan ya yi daraja. Mutane sun ƙaru, kiwo ya ƙaru, itacen girki ya yi tsada, yanzu ana gama girbi ake tattare kara a ɗaure, a kai gida ko kasuwa, har injin niƙa shi ake yi don dabbobi. Sannan ga waya. A nan ba za mu nuna kowa da yatsa ba, domin rubuta manhaja ce sana'armu, da ita muke ci.

Sai dai sana'ar ce ta nuna mana abin da aka rasa. A jami'a an koya mana cewa babban aiki sai an rarraba shi ƙanana, a gwada kowanne, a gano inda ya karye, a gyara, a sake gwadawa. Da muka ji haka muka tuna ɗingishin motar kara. Babu wanda ya ba mu zane, babu wanda ya ba mu maki. Yayanka zai nuna maka sau ɗaya, in ka ɓata ya ƙwace ya gyara, gobe ka nuna wa ƙaninka. Ilimin daga yaro zuwa yaro yake tafiya, shi ya sa tsinkewarsa ba wuya, sahu ɗaya ya tsallake, shi ke nan. Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara tatsuniyoyi da wasannin yara a littattafai tun farkon shekarun 1970, waƙa da labari sun sami mafaka a takarda. Amma yadda ake lanƙwasa ɓawo bai karye ba, wannan a yatsu yake zaune.

A hunturun da ya wuce mun je gida. Da hantsi muka zaro kara ɗaya daga dannin bayan gida, muka zauna ɓarewa. Ɗan wanmu, mai shekara bakwai, ya ajiye wayar mahaifiyarsa ya matso.

"Baffa, me za ka yi da abincin shanu?"

"Zauna ka gani."

Tabaraun farko ya karye, na biyu ya karkace, ɓawo ya yanke mu a babban yatsa. Na ukun ya zauna a hancinsa. Kafin azahar yara shida ne a zauren, an cinye gefen dannin, Inna tana faɗa daga cikin gida. Wata yarinya ta haɗa abin da ba mu taɓa yi ba, farantin sola a kan rufin ɗaki, da wayarsa ta zare har zuwa ƙwan fitila.

Mun yi wa Inna alkawarin sabon danni. Mun kuma roƙi wanmu, in an yi girbi, ya ware dami ɗaya na karan dawa mai kauri, kada a kai shi injin, kada a ba shanu. Azumi yana hanya, Allah ya kai mu.