Wane Ne Sufeto Goole? Karatun Wani Tsohon Wasa Daga Garwa

A cikin wasannin kwaikwayon Ingila na ƙarni na ashirin, da wuya a sami wanda aka daɗe ana muhawara a kan mutum guda cikinsa kamar An Inspector Calls na J. B. Priestley. An fara nuna shi a Tarayyar Sobiyet a 1945, sannan a Landan a 1946. Har yau duk wanda ya karanta shi sai ya tashi da tambaya ɗaya: wane ne wannan Sufeto Goole?

Ga yadda labarin yake. Wani dare a watan Afrilun 1912, attajiri Arthur Birling, mai masana'anta a garin Brumley, yana liyafar baikon 'yarsa Sheila da Gerald Croft. Sai ga baƙo ya ce shi sufeton 'yan sanda ne, wai wata yarinya, Eva Smith, ta sha guba ta mutu a asibiti. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da tambaya, ashe kowa da hannunsa. Uban ya kore ta daga aiki don ta nemi a ƙara albashi daga sule 22 da sisi zuwa sule 25 a mako. Sheila ta sa an sallame ta daga wani kanti saboda kishi. Gerald ya ajiye ta, ya gaji ya rabu da ita. Eric, ɗan gidan, ya yi mata ciki. Uwargida kuwa, mai faɗa a ji a ƙungiyar taimakon mata, ta hana ta agaji ranar da ta zo nema.

Bayan baƙon ya fita aka bincika, aka tarar babu sufeto mai wannan suna, asibiti ma suka ce ba a kawo musu wadda ta kashe kanta ba. Manya suka koma raha. Ana cikin haka waya ta yi ƙara: yanzun nan wata yarinya ta mutu, kuma sufeto yana tafe. A nan aka rufe labule.

Masu nazari sun yi ta hasashe. Wasu sun ce fatalwa ne, domin furucin sunansa ya yi daidai da kalmar Turanci da aka aro daga Larabci, gul, wato dodon maƙabarta. Wasu sun ce muryar zuciyar 'yan gidan ce, wasu kuma sun ce bakin marubucin ne kawai. Ni dai a ganina amsar tana cikin shekarun nan biyu, 1912 da 1945, kuma mutumin Garwa yana da hanyar gane ta fiye da yadda yake zato.

Kafin sufeto ya shigo, Birling ya cika baki yana tabbatar wa samari cewa Jamusawa ba sa son yaƙi, kuma jirgin Titanic ba zai taɓa nutsewa ba. Jirgin ya nutse ran 15 ga wannan watan. Batun yaƙi kuwa, ba banza ake raɗe-raɗinsa a lokacin ba. A 1911 Jamus da Faransa sun kusa gwabzawa a kan Maroko, abin da ake kira rikicin Agadir. Da ƙasarmu aka kashe wannan wuta: a yarjejeniyar Nuwamban 1911 Faransa ta ƙara wa Kamarun ta Jamus yanki mai faɗi daga wajen Kwango, Jamus kuma ta sallama wa Faransa ƙasar da ke tsakanin kogin Logon da Shari. Babu wanda ya shawarci mazauna wuraren. Garwa a lokacin tana hannun Jamusawa tun 1901, a nan wakilinsu mai kula da Adamawa yake zaune. Ashe zaman lafiyar da Birling yake tutiya da shi a teburin cin abinci, a bakin kogunanmu aka biya wani ɓangare na kuɗinsa.

Ko shekara uku ba a yi ba zancensa ya rushe. A ƙarshen Agustan 1914 sojojin Ingila suka taso daga Yola suka far wa Garwa, aka kora su, aka kashe kwamandansu Maclear. Suka dawo tare da Faransawa, da babbar bindiga da aka hauro da ita ta kogin Binuwai, har kwamandan Jamus, von Crailsheim, ya miƙa wuya ran 10 ga Yunin 1915. A dutsen Mora kuwa von Raben ya turje har Fabrairun 1916. Yawancin waɗanda suka riƙe bindiga a kowane ɓangare 'yan Afirka ne, kuma akwai Hausawa da yawa a rundunar da ta zo daga Nijeriya. Su ma, kamar Eva Smith, wasu manya ne a nesa suka yanke shawarar da ta ci rayuwarsu, ba tare da sun san ko sunayensu ba.

To, a jawabinsa na ƙarshe Goole ya gargaɗi gidan Birling cewa mutane haƙƙin juna ne, kuma in ba su koyi wannan da lalama ba, za su koya da azaba. Wanda ya rubuta masa wannan magana ya ɗanɗani azabar da kansa. An haifi Priestley a Bradford a 1894, ya yi Yaƙin Duniya na Ɗaya a Faransa har aka ji masa rauni, a 1940 kuma ya yi ta jawabi ga 'yan ƙasarsa ta rediyon BBC. Ya rubuta wasan ana dab da gama yaƙi na biyu, lokacin da Ingila take shirin zaɓen 1945 wanda jam'iyyar Leba ta lashe. Saboda haka Goole mutumin 1945 ne da aka tura ɗakin 1912. Ya san abin da zai faru domin a wajen 'yan kallo ya riga ya faru.

Daga nan ikonsa ya fito. Birling ya gwada tsorata shi da cewa ya taɓa zama magajin gari, kuma abokin shugaban 'yan sanda ne, amma bai ko gezau ba. Mu da muka ga Bajamushe ya zo da tutarsa ya tafi, Bafaranshe ya gaje shi shi ma ya tafi, mun san iko mai takarda da kaki yana da ranar ƙarewa. Na Goole ya fi kama da na masu tambayar kabari da muka taso muna jin labarinsu: ba a tambayarsu wa ya aiko su, kuma sanin wane ko wane ba ya amfani a gabansu.

Sheila da Eric kaɗai suka gane haka. Iyayensu sun ɗauka tunda sufeton na bogi ne, laifin ma ya goge. Yaran suka ce ko wane ne shi, abin da kowa ya amsa da bakinsa ya dai aikata shi. Ina jin da gangan Priestley ya ƙi bayyana mana asalin baƙon, domin ya ga ko mu ma za mu shagala da binciken mai tambaya mu manta da tambayar. Kowane gida mai 'yar aiki, kowane shago mai yaro a kasuwar Garwa, yana da tasa Eva. Allah ya sa mu ba ta haƙƙinta tun wayar ba ta yi ƙara ba.