Lamine Guèye: Ɗan Dakar Da Ya Yi Tseren Dusar Ƙanƙara

A wannan makon zan ɗan ajiye maganar littattafai in kawo muku tarihin wani ɗan wasa, wanda wasan nasa ba mu da ko sunansa a Hausa. Mu nan Kirikasamma ƙasarmu shimfiɗe take, fadama ce da ruwan kogin Haɗeja, tudun kirki ma sai an nema, to balle dutse mai dusar ƙanƙara. Saboda haka bari in fara da bayanin wasan.

Mutum zai ɗaura wasu alluna biyu dogaye sirara a ƙafafunsa, ya riƙe sanda a kowane hannu, ya sulalo daga ƙololuwar dutse zuwa gindinsa, yana ratsa tsakanin tutocin da aka kakkafa. Ɗaya bayan ɗaya ake sakin 'yan tseren, agogo ne alƙali. A nau'in da ya fi haɗari gudun yakan haura kilomita 100 a awa, kuma babu birki sai ƙafar mutum. Ostiriya da Suwizalan da Faransa da Italiya, wato ƙasashen tsaunukan Alps, su ne 'yan gida a wannan fage.

An haifi Lamine Guèye a Dakar ta ƙasar Senegal a 1960. Sunan kakansa ya ci, wato Lamine Guèye babba, lauya kuma ɗan siyasa, wanda dokar 1946 da ta ba mutanen ƙasashen rainon Faransa matsayin 'yan ƙasa take ɗauke da sunansa, wanda kuma ya shugabanci majalisar dokokin Senegal har rasuwarsa a 1968. Bayan rasuwar ne aka tura yaron karatu Suwizalan, can ya fara taka dusar ƙanƙara. Ba zan ɓoye ba, ɗan gata ne. Ɗan talaka ba ya samun wannan hanya.

Inda labarin ya fi burge ni shi ne nan. Ba a shiga gasar duniya sai ta hannun hukumar wasa ta ƙasar mutum, Senegal kuwa me zai haɗa ta da hukumar wasan ƙanƙara? Sai yaron nan, yana ɗan shekara 19, ya kafa hukumar da kansa a 1979, shi ne shugaba, shi ne kuma ɗan wasan. Da wannan ya isa gasar Olamfik ta hunturu a Sarayebo ta tsohuwar Yugoslabiya a 1984, ya zama baƙar fata na farko daga Afirka da ya yi tseren a wannan gasa. Bill Johnson na Amurka ne ya ɗauki zinare a tseren gangara na maza, shi kuwa Lamine can baya ya ƙare, amma ya sauko har ƙasa da ƙafarsa.

Ya sake komawa a 1992 a Albertville ta Faransa, wannan karon tare da ɗan ƙasarsu Alphonse Gomis, sannan a 1994 a Lillehammer ta Norwe. Lambar yabo dai bai taɓa ci ba.

Sai dai a daidai waɗannan shekaru ne ƙofar da ya shigo ta ciki ta fara tsukewa. Bayan gasar Kalgari ta 1988, inda wani Baturen Ingila da ake wa laƙabi da Eddie the Eagle ya zo na ƙarshe a wasan tsalle amma ya fi zakarun yin suna, hukumomi suka tsaurara sharuɗɗan shiga, sai wanda ya tara maki a gasannin share fage. Hujjarsu ita ce kare martabar gasa da lafiyar 'yan wasa, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, don dutsen nan yana kashe mutane. Amma tara makin yana buƙatar yawo tsakanin tsaunukan Turai da mai horarwa da kayan aiki, kuɗin da hukuma mai mutum ɗaya ba ta da shi. Lamine ya yi ta sukar wannan tsari a fili, yana ganin an mayar da gasar duniya ta masu hannu da shuni, har ya rubuta littafi da Faransanci a kan haka a 2008. Ni a ganina wannan gwagwarmaya ta fi dukkan tserensa nauyi.

Ƙofar ba ta rufe ruf ba. Leyti Seck ya wakilci Senegal a 2006 da 2010, Kwame Nkrumah-Acheampong ya wakilci Gana a Bankuba a 2010. Sai dai a lura, Seck a Turai ya tashi, shi kuma Kwame a Ingila ya koyi wasan. Nijeriya ba ta leƙa gasar hunturu ba sai a 2018 a Koriya ta Kudu, kuma ɗan tserenmu na farko a kan alluna, Samuel Ikpefan, wanda ya je Beijin a 2022 a nau'in tseren dogon zango, haifaffen Faransa ne.