Daga Bakin Tanderu Zuwa Gidan Tarihi: Tarihin Tara Samfuran Ma'adinai na Ƙasar Meksiko

Gabatarwa

Duk wanda ya nazarci tarihin haƙar ma'adinai a ƙasar Meksiko zai tarar yawancin abin da aka rubuta ya ta'allaƙa ne a kan nauyi da kuɗi, watau yawan azurfar da aka fitar, da rabon da Sarkin Sifen ya samu, da ribar da kamfani kaza ya ci. Manufar wannan takarda ita ce ta duba wani ɓangare da masana tarihi ba su cika waiwaya ba, watau tarihin 'yan duwatsun nan da suka kuɓuta daga wutar tanderu, aka ajiye su saboda kyawunsu ko saboda ilmin da ke cikinsu. Irin wannan dutse shi muke kira samfurin ma'adini. Abin da ke ba shi daraja shi ne ƙirar da Allah ya yi masa a cikin ƙasa, mai fuskoki da kusurwoyi kamar an sa gwani ya feƙe, wadda masana ke kira kiristal, sa'an nan launinsa, da ƙarancinsa, da kuma sanin ainihin ramin da ya fito. Za mu bi diddigin lokacin da aka fara ajiye irin waɗannan duwatsu, da mutanen da suka ajiye su, da inda suka ƙare.

Zamanin azurfa

Bayan da Turawan Sifen suka ci birnin Tenochtitlan a shekarar 1521, ba su ɗauki lokaci ba suka bazama neman azurfa. An gano ta a Zacatecas a 1546, a Pachuca a 1552, a Guanajuato kuwa tsakanin 1548 da 1558. Wajen 1554 wani mai suna Bartolomé de Medina ya ƙago wata dabara a Pachuca ta raba azurfa da dutse. Akan niƙe dutsen ya yi laushi, a kwaɓa shi da ruwa da gishiri da zaiba, a baza a wani faffaɗan fili, mutane su yi ta tattakawa har tsawon makonni, daga baya aka sa alfadarai wannan aiki. Dabarar ta arzuta Sifen ƙwarai. Kuɗin azurfar da aka riƙa bugawa a birnin Meksiko tun daga ƙarni na 16 sun zaga duniya, har matafiyin nan Heinrich Barth ya tarar ana lissafi da dalar Sifen a kasuwar Kano a 1851, inda ake canza ta wuri 2,500.

To, amma ga wanda ya damu da samfur, wannan zamani na hasara ne. Dutse mafi kyaun ƙira sau da yawa shi ne mafi yawan azurfa, saboda haka shi ake fara kaiwa maniƙa. Kusan shekara ɗari biyu da hamsin ana wannan aiki, abin da ya tsira kaɗan ne. Ba za mu ga laifin mutanen ba, domin ilmin da zai nuna musu amfanin ajiyewa bai riga ya kafu ba ko a Turai.

Labarin dutsen Cerro de Mercado ya nuna yadda idonsu ya kafe a kan abu ɗaya. A 1552 Ginés Vázquez de Mercado ya ja ayari zuwa inda birnin Durango yake a yau, saboda ya ji labarin wani tsauni na azurfa zalla. Da ya isa ya tarar da ƙarfe ne, sai ya juya da ɓacin rai. A cikin wannan tsauni ne ake samun ma'adinin afatait mai launin rawaya garai-garai, wanda a yau ɗakunan bincike na duniya ke amfani da shi a matsayin ma'auni wajen auna shekarun duwatsu, domin an tabbatar shekarunsa sun kai wajen miliyan 31.

Makarantar ma'adinai da dutsen Zimapán

Al'amari ya sake a ƙarshen ƙarni na 18. A 1792 aka buɗe makarantar koyon aikin ma'adinai a birnin Meksiko ƙarƙashin jagorancin Fausto de Elhuyar, wanda shi da ɗan'uwansa suka fara tace ƙarfen tungistan a 1783. Makaranta irin wannan ba ta yiwuwa sai da duwatsun da ɗalibai za su gani su taɓa, saboda haka aka fara tattara samfurori daga mahaƙu, ana rubuta sunan kowanne da wurin da ya fito. Malamin da aka ɗora wa koyar da wannan fanni shi ne Andrés Manuel del Río, wanda ya yi karatu a Freiberg ta ƙasar Jamus wajen Abraham Werner, ya iso Meksiko a 1794.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya, domin abin da ya sami del Río ya ƙunshi kusan dukkan matsalar da wannan takarda ke magana a kai. A 1801 ya binciki wani dutsen dalma mai launin ƙasa-ƙasa daga Zimapán, ya gano cewa akwai wani sabon sinadari a cikinsa wanda ba a taɓa sani ba. Ya sa masa suna eritironiyam, saboda gishirinsa yakan koma ja idan ya ji wuta. Da Alexander von Humboldt ya zo ƙasar a 1803, del Río ya ba shi samfurin ya tafi da shi Turai. A 1805 wani masanin sinadarai a Faris, Collet-Descotils, ya duba dutsen ya ce ba wani sabon abu, kuromiyam ne kawai. Del Río ya karɓi wannan hukunci ya janye maganarsa. Shekara ashirin da biyar bayan haka, a 1830, Nils Sefström ya sake gano sinadarin a ƙasar Suwidin, ya kira shi banadiyam. Friedrich Wöhler ya koma kan dutsen Zimapán ya tabbatar cewa abin da del Río ya gani tun farko shi ne wannan. Amma alƙalami ya riga ya bushe, sunan da aka raɗa a Suwidin shi ya zauna.

Abubuwa biyu ne za mu lura da su. Na farko, ba don an ajiye dutsen tare da sunan garinsa ba, da babu mai iya wanke del Río. Na biyu, dutsen na Meksiko ne, mai binciken yana zaune a Meksiko, amma hukuncin a Faris aka yanke shi. A ganina wannan tsari bai canja sosai ba a cikin shekaru ɗari biyu da suka biyo baya.

Kamfanonin waje da mahaƙun arewa

Yaƙin neman 'yanci na 1810 zuwa 1821 ya durƙusar da haƙa, ramuka da yawa suka cika da ruwa, har da shahararriyar mahaƙar Valenciana ta Guanajuato. Daga 1824 kamfanonin Ingila suka shigo da jari da injunan tururi. Injiniyoyinsu da na Jamus sukan aika da duwatsu gida, shi ya sa sunayen wuraren Meksiko suka shiga littattafan ilmi. Alal misali, ma'adinin kiristobalait ya samo sunansa ne daga tsaunin San Cristóbal da ke kusa da Pachuca.

Babban sauyi ya zo a zamanin mulkin Porfirio Díaz, wanda ya ƙare a 1911. Hanyar jirgin ƙasa ta haɗa arewacin ƙasar da Amurka, hankali ya koma kan dalma da tutiya da tagulla. Wani kamfanin Faransa ya kama aikin tagulla a Santa Rosalía ta yankin Baja California a 1885, inda aka sami wasu 'yan duwatsu shuɗaye masu fuska shida kamar an yanka da wuƙa, aka bayyana su a 1891 da sunan bolayit. Kamfanin Peñoles, wanda aka kafa a 1887, ya karɓi mahaƙar Ojuela kusa da Mapimí a jihar Durango, wadda aka fara haƙa tun 1598, ya gina mata wata gada mai lilo da ta haura mita 300.

Me ya sa arewacin Meksiko ya yi fice haka? Amsar tana cikin yanayin ƙasar. A wurare irin su Ojuela da Santa Eulalia da Los Lamentos, ruwan zafi mai ɗauke da ƙarafa ya taso daga can ƙasa ya ratsa dutsen farar ƙasa, ya zubar da kayansa a ciki, galibi dutsen tozali irin wanda muka sani, tare da tutiya da gubar asanik. Da yake yankin busasshe ne, ruwan ƙarƙashin ƙasa yana da nisa, sai iska da ɗan ruwan saman da ke tsiyaya suka sami damar cin waɗannan ma'adinai har zurfin ɗaruruwan mitoci. Wannan ci yakan bar kogunan da sababbin ma'adinai ke tsirowa a cikinsu a hankali, ba abin da ke matse su. Haka aka sami adamait mai ruwan ɗanyen ganye a Ojuela, da wulfenait mai ruwan lemo a Los Lamentos. Mahaƙar Ojuela ita kaɗai ta ba duniya ma'adinai da dama waɗanda a can aka fara ganinsu, biyu daga ciki ma suna ɗauke da sunan mahaƙar da na garin Mapimí.

Kasuwa

Tsarin mulkin 1917, a sashensa na 27, ya mayar da dukiyar ƙarƙashin ƙasa mallakar al'umma, amma wannan bai hana samfurori bin hanyar arewa ba. William Foshag na gidan tarihin Smithsonian a Washinton ya yi ta zagaya mahaƙun ƙasar tun daga shekarun 1920, yana tattarawa yana rubutawa. Bayansa 'yan kasuwa suka biyo. Bikin baje kolin ma'adinai na Tucson a jihar Arizona, wanda aka fara a 1955, yana kusa da kan iyaka, ya zama babbar mahaɗar wannan ciniki.

Su wa ke fitar da duwatsun? Leburorin haƙa ne, da masu ɗan abin hannu da ke bin tsofaffin ramuka, waɗanda ake kira gambusino. Manyan kamfanoni galibi ba su son wannan sana'a, domin a wurinsu lokacin da lebura ya ɓata yana lallaɓa kiristal hasara ce. Don haka samfurori da yawa a cikin kwanon abinci suka fito, an naɗe su da tsumma. A Ojuela, bayan babban kamfani ya rage aiki saboda ruwa, 'yan ƙungiyar masu haƙa suka ci gaba, har sayar da samfur ya zama wani babban ɓangare na abincinsu. Ya kamata a faɗi gaskiya, wannan kasuwa ita ta ceci dubban duwatsu daga tanderu. Sai dai ta zo da nata lahani. Dillali yakan ɓoye sunan rami don kada abokin hamayya ya riga shi, ya rubuta "Chihuahua, Meksiko" kurum, alhali jihar Chihuahua ta kai murabba'in kilomita 247,000. Dutsen da ya rasa asalinsa haka ya zama abin ado kawai, manazarci ba zai iya kafa hujja da shi ba. Bugu da ƙari, sunan mai saye yakan bi dutse daga hannu zuwa hannu, na wanda ya shiga rami da fitila ya ciro shi kuwa ba safai ake rubutawa ba.

Mutum guda ya yi ƙoƙarin tare wannan kwarara. Dokta Miguel Romero, masanin sinadarai kuma attajirin kiwon kaji a Tehuacán ta jihar Puebla, ya shafe shekaru yana sayen mafi kyaun abin da ya fito daga mahaƙun ƙasarsa don ya zauna a gida. A cikin tarinsa akwai wani samfurin legirandait mai ruwan ƙwai wanda aka ciro a Ojuela a 1977, tsawonsa bai wuce taƙi ɗaya ba, tsinkayensa sun bazu gefe biyu kamar hasken hantsi, har aka yi masa laƙabi da Ranar Aztek. Romero ya rasu a 1997. Aka kai tarin Jami'ar Arizona, sa'an nan a 2008 aka sayar da zaɓaɓɓun cikinsa ga wani dillali Ba'amurke, suka watsu a duniya. Ranar Aztek ta ƙare a gidan tarihin ma'adinai na MIM da ke Bairut a ƙasar Labanan. A 2009 masana suka raɗa wa wani sabon ma'adini daga Ojuela sunan Romero don girmama shi.

Naica

Akwai wuri ɗaya da girman abin ya gagari kasuwa. A mahaƙar Naica ta jihar Chihuahua an faɗa wani kogo a 1910, a zurfin mita 120, cike da kiristal na jibsam masu kama da takubba. Da yawa daga cikinsu an ɓalle su an kai gidajen tarihi. A shekarar 2000 kuma wasu 'yan'uwa biyu masu haƙa suka fasa wani kogon a zurfin mita 300, inda suka tarar da ginshiƙan jibsam farare, wasu sun kai tsawon mita 11. Zafin wurin da laimarsa ba sa barin mutum ya daɗe a ciki ba tare da tufa ta musamman ba, kamfanin kuwa ya sa ƙofar ƙarfe. Binciken Juan Manuel García-Ruiz da abokansa, wanda aka buga a 2007, ya nuna ginshiƙan sun girma ne a cikin ruwa mai zafin da ya tsaya kaɗan ƙasa da digiri 58 har tsawon dubban ɗaruruwan shekaru. Injunan zuƙe ruwa na kamfanin su ne suka busar da kogon har ɗan'adam ya gan shi. A 2015 ruwa ya fi ƙarfin injunan, Peñoles ya dakatar da aiki a Naica, ruwan ya ci gaba da hawa cikin ramukan.