Daga Rajistar Asibiti Zuwa Dashbod

Kafin kwamfuta ta shigo, lissafin lafiya a ƙananan hukumomin Talata Mafara da Bakura da Maradun na jihar Zamfara a manyan rajistoci yake zaune: ta awon ciki daban, ta rigakafi daban, ta marasa lafiya daban. Wata ya ƙare, ma'aikacin asibitin ƙauye ya ƙirga layi-layi, ya cika fom ɗin wata, ya hau babur ya kai sakatariyar ƙaramar hukuma. Daga nan takarda ta nufi Gusau, kuma da wuya wanda ya cika ta ya sake jin labarinta.

Manhajar da ta sauya wannan tsari sunanta DHIS2. Asalinta Afirka ta Kudu ne, inda aka gina ta farko a kan Microsoft Access a ƙarshen shekarun 1990. Jami'ar Oslo ta Norway ta jagoranci sake gina ta don intanet, aka fara aiki da ita a jihar Kerala ta Indiya a 2006, daga baya Najeriya ta ɗauke ta a matsayin rumbun alƙaluman lafiya na ƙasa. Yau jami'in da ake kira M&E na ƙaramar hukuma yana shigar da fom ɗin, dashbod ya zana masa yara nawa suka karɓi allurar rigakafin Penta ta farko a wata gunduma, nawa suka dawo ta uku, wane asibiti ne bai aiko da rahoto ba.

Waɗanda suka daɗe a wannan sana'a sun san zanen ginshiƙai da taswira shi ne mafi sauƙi a ginin dashbod. Wuyar aikin tana wajen rabon izini: wa zai shigar, wa zai gyara, wa zai duba kawai. Shi ya sa DHIS2 ta jera ƙasa hawa-hawa, jiha, ƙaramar hukuma, gunduma, asibiti, aka ɗaure kowane jami'i a nasa hurumi. Na Bakura ba ya taɓa lissafin Maradun. Matasa masu koyon haɗa shafukan intanet, irin ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, kan ci karo da wannan darasi a manhajar Django, wadda aka ƙirƙira a wani gidan jarida na Kansas a Amurka, aka sake ta ga jama'a a 2005 da shafin gudanarwa a haɗe.

Sai kuma sabis. A farkon Satumba 2021 aka rufe layukan sadarwa a faɗin Zamfara saboda 'yan bindiga. Gusau ta samu nata a watan Oktoba, sauran ƙananan hukumomi suka ci gaba da jira. Asibitoci na ta aiki, ana haihuwa, ana allura, amma ba hanyar tura ko lamba ɗaya daga inda aka rubuta ta. Daga lokacin, duk mai gina dashbod don wannan yanki ya wajaba ya fara da manhajar da ke adana bayanai a cikin waya, ta tura su idan sabis ya dawo.