Rigar Annoba: Yadda Malaman Asibiti Suka Koyi Rufe Jikinsu

  Akwai wani ƙorafi da ake yawan yi a tsakar gida idan an dawo daga asibiti lokacin annoba. Sai ki ji ana cewa, "Ai ƙyamarmu suke yi. Sun rufe baki da hanci, sun sa safar hannu, ko taɓa yaron ba sa son yi." Wata kuma ta ce ta riga kowa zuwa, amma aka tsallake ta aka ɗauki wanda ya zo daga baya. To yau tarihin waɗannan abubuwa biyu za mu bi, domin duk wani ƙyalle da kika gani a jikin malamin asibiti, sai da aka rasa rai kafin a koyi sa shi.

Mu fara da shekarar 1969, a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu. Wata nas Ba'amurkiya mai suna Laura Wine ta kamu da wani zazzaɓi da ba a san shi ba, aka kai ta asibitin Jankwano a Jos. Wadda ta yi jinyarta, Charlotte Shaw, tana da ɗan rauni a yatsa, ta goge wa marar lafiyar baki da wannan hannun. Dukansu biyu suka rasu. Da shekara ta zagayo, a 1970, likita Jeanette Troup ta yanke a hannu tana binciken gawar wanda cutar ta kashe, ita ma ta bi su. Wannan shi ne zazzaɓin Lassa, wanda ɓera ke yaɗawa ta fitsari da kashinsa, sannan ya bi jini da ruwan jikin mai ciwo ya kama mai jinya. Kin ga ɗan rauni a yatsa, wanda ke da ni ba za mu kula da shi ba, shi ne ƙofar da cuta ta shiga.

Manyanmu ba za su manta da bazarar 1996 ba. A shekarar nan sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, fiye da 11,000 suka riga mu gidan gaskiya, akasarinsu a nan Arewa, ga kuma ƙyanda da amai da gudawa a lokaci guda. A Asibitin Zana na Kano gadaje suka ƙare, aka koma shimfiɗa a ƙasa, likitocin sa-kai na ƙungiyar MSF suka zo taimako. Idan marasa lafiya suka rinjayi ma'aikata haka, dole a sake dabara. Sai aka dogara da wata allura mai mai, wadda sau ɗaya ake yi ta daɗe tana aiki a jiki, domin babu hannun da zai riƙa bin kowane yaro sau huɗu a rana. A wannan asibitin ne kuma kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara, cikin 200 da aka sa a gwajin 11 suka rasu, maganar da ta kai kotu har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Don haka idan uwa tana ɗari-ɗari da baƙin fuska a asibiti, tana da dalili. Haƙƙinki ne ki tambayi sunan maganin da za a ba ɗanki da amfaninsa.

Yanzu ga maganar tsallake layi. Ranar da mutane da yawa suka faɗi lokaci ɗaya, ba a bin wanda ya riga zuwa, ana bin wanda ajali ya fi kusa da shi. Tsari ne da ya samo asali daga likitocin sojan Faransa a filin yaƙi, shekaru fiye da 200 da suka wuce. A yau ana raba mutane da launi: ja ga wanda in ba a taɓa shi yanzu ba za a rasa shi, rawaya ga wanda zai iya ɗan jira, kore ga mai tafiya da ƙafarsa. Yaron da ke tsala kuka yana da numfashi da sauran ƙarfi. Wanda ya yi shiru, idanu sun faɗa, ya kasa shan nono, shi ne abin tsoro. Idan naki ne ya yi shirun, kada kunya ta hana ki ɗaga murya ki faɗa.

Cikakkiyar rigar nan mai rufe mutum tun daga ka har ƙafa, yawancinmu a 2014 muka fara jin labarinta, lokacin Ebola. A watan Yuli wani matafiyi daga Laberiya, Patrick Sawyer, ya sauka Legas da cutar. Likita Stella Adadevoh ta hana shi fita daga asibiti duk da matsin da aka yi mata. Ta kamu, ta rasu a watan Agusta, amma tsayuwarta ta sa cutar ta tsaya a kan mutum 20, takwas suka mutu. Kin tuna daren da aka riƙa buga waya ana cewa a yi wankan gishiri a sha? Jita-jita ce, ta ma kwantar da wasu a asibiti. Abin da ya yi aiki shi ne killace masu ciwo da kuma rigar.

Kada ki ɗauka daɗinta suke ji. Roba ce ba ta shan iska, a zafi irin namu da wuya mutum ya wuce awa ɗaya a ciki, zufa na taruwa a takalmi. Tabarau yana yin hazo, safa biyu na hana yatsa jin jijiya, murya ba ta fita sosai. Shi ya sa suke ɗaga murya, ba faɗa ba ne. Wasu har sunansu suke rubutawa a goshin rigar don mai ciwo ya san da wa yake magana. Wurin cirewa kuwa ya fi ko'ina haɗari, a hankali ake yi, wani na tsaye yana lura, ana wanke hannu bayan kowane mataki.

Inda aka rasa wannan kariya, an ga sakamako. A watan Janairun 2020 likitoci biyu na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano sun rasu da zazzaɓin Lassa, bayan an yi wa wata mai juna biyu aiki ba a san tana ɗauke da shi ba. A watan Afrilun shekarar, mutum na farko da aka tabbatar korona ta kama a jiharmu ta Katsina likita ne a Daura, kuma ya rasu. Likita ɗaya idan ya faɗi, dubban mutane ne suka rasa mai duba su.

To ke fa uwargida? Kafin a kai ga asibiti, ke ce malamar farko. A daminar 2021 amai da gudawa ya yi ɓarna a Funtuwa, a watan Agustan 2025 kuma aka kai hari masallacin Unguwar Mantau a nan ƙasar Malumfashi ana sallar asuba. A irin waɗannan ranaku hannun mata ne ke wanke kashi da jini. Ki ajiye safar hannu a ɗaki, in babu, ki zura hannu cikin leda mai tsabta wadda ba ta huje ba. Mai zubar jini, danne raunin da tsaftataccen ƙyalle, kada ki ɗaga. Mai gudawa, ba shi ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, yana kurɓa ana hanyar asibiti. Mutum ɗaya ya yi jinya, a raba masa kwano da buta, yara su nisanta, a wanke hannu da sabulu. Ku yi maganar nan da maigida tun ana lafiya, ya ba da izinin fita asibiti ko ba ya gari, don cuta ba ta jiran a dawo daga gona.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya saka wa masu jinya da alheri, Ya tsare mu da zuri'armu.