Tsohuwar Peugeot 504 da Farashin Gaskiya a Dutse

Lokacin da Dutse ta zama babban birnin Jigawa a 1991, Peugeot 504 ce motar ma'aikata da manyan gari. A Kaduna ake harhaɗa ta a wancan lokacin, a masana'antar da aka buɗe a 1975. Faɗuwar naira bayan 1986 ta sa sabuwa ta gagari mai albashi, ciniki ya koma kan gwanjon gwamnati da 'yan Kwatano. Ma'aunin da aka saba da shi tun daga lokacin, wanda nake ganin shi ne daidai, shi ne a biya kuɗin aikin da ya rage a jikin mota. Mai saye kan zo da bakanikensa, a tayar da inji da sanyin safiya, a dubi launin hayaƙi, a ƙwanƙwasa bodi a ji inda aka cike tsatsa aka rufe da fenti, a gwada lambar inji da takardu. Sannan a taya, mai mota ya ce albarka, dillali ya shiga tsakani har a sallama.

Wani zai ce a Turai tsufa da ƙaranci ke ɗaga darajar irin wannan mota, don haka muna sayar da tarihi da araha. Akwai gaskiya a ciki, domin 504 mai asalin injinta ta yi wuya. Amma can ajiye ta ake yi don kallo, nan kuwa buhunan gero za ta ɗauko daga kasuwar Shuwarin. Wanda ya biya kuɗin tarihi, shi zai nemi kayan gyaranta a Kano, kuma kullum ƙara tsada suke yi.