Haƙƙin Magini a Dokar Amurka, daga 1791 zuwa Yau

A harkar gini, birkila da mai kawo katako su ne farkon shiga aiki, su ne kuma ƙarshen karɓar kuɗi. In aka hana su, babu abin ƙwatowa, domin kayansu sun riga sun zama bango.

Amurka ta fara neman maganin wannan a 1791, lokacin da ake shirin gina birnin Washintan. Ana son magina su yi aiki bashi, su kuwa suna ɗari-ɗari. Thomas Jefferson da James Madison na cikin waɗanda suka nemi majalisar jihar Maryland ta yi doka, ta kuwa yi: wanda ya yi gini ba a biya shi ba, ginin ya zama jingina a hannunsa. In mai gida ya yi taurin bashi, kotu na iya sa a sayar a fitar da haƙƙin. Pennsylvania ta bi sahu a 1803, yau kowace jiha tana da irin tata.

Sai dai ba a yi wa ginin gwamnati gwanjo. Wanda ya kai duwatsu wurin ginin gidan waya, babban ɗan kwangila ya karye, sai ya rungumi ƙaddara. Dokar Heard ta 1894 ta wajabta wa ɗan kwangila ya kawo kamfanin da zai tsaya masa, amma takardar lamunin ɗaya ce, kuma gwamnati ce kan fara ɗiba. Dokar Miller ta 1935 ta raba ta biyu: ɗaya don a gama aiki, ɗaya don a biya ƙananan 'yan kwangila da masu kawo kaya. A ganina nan aka yi gyaran gaske, domin an daina sa mai ƙaramin ƙarfi ya jira ragowar gwamnati. Jihohi ma sun kwaikwaya.

Kariyar tana da wa'adi. Wanda ba da babban ɗan kwangila ya ƙulla ciniki ba, kwana 90 gare shi daga ranar da ya gama aiki ya aika sanarwa a rubuce, ƙara kuma cikin shekara guda. A 1944 Kotun Ƙoli ta yanke cewa wanda ya sayar wa mai kawo kaya ba ya cikin lamunin. Har yau na can ƙasa, wanda ya fi kowa buƙatar dokar, shi ne ba ta kai gare shi ba.